Reza ɗaya, aski nawa?

Wani matashi ya aiko mini da tambaya daga Zariya. Ya ce ya gaji da kilifa da shaba ta roba, sai ya sayi mariƙin ƙarfe irin na iyayenmu, wanda ake kwancewa a sa masa reza mai baki biyu. "Malam," in ji shi, "a askin farko rezar ta ɗan yi mini kaushi, na biyu da na uku kamar ana shafa mini auduga, a na biyar kuwa sai da na yi ƙwalla. Ga abokina ya rantse wata guda yake yi da reza ɗaya. Tawa ce jabu, ko hannuna ne bai iya ba? Sau nawa ya kamata a yi aski da reza ɗaya?"

Ƙanena, rezarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka bayyana shi ne rayuwar kowace reza daga ranar da aka ɓare ta daga takarda zuwa ranar da za a yar. Abokin naka ma mai yiwuwa bai yi maka ƙarya ba, zan zo kansa. Bari in ba ka adadin tun yanzu don kada ka ƙosa. Ga mai gashi mai kauri da nannaɗewa irin na yawancinmu, wanda yake share fuska gaba ɗaya, aski uku zuwa biyar. Mai gyaran saje da ƙarƙashin haɓa kawai yana iya kai bakwai ko ya wuce. Mai aske kai ƙwal-kwabo kuwa, ɗaya ko biyu ya sallame ta. Wannan ƙiyasina ne daga fuskata da fuskokin da na sani. Abin da zai fi maka amfani shi ne ka san abin da ke kashe rezar, domin rabinsa a hannunka yake.

Ni a gidan wanzamai na tashi kafin in je in karanci ilimin ƙarafa, don haka ta gefe biyu na san wannan magana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya ɗora aska a kan mutum sai ya fito da dutse da fata daga zabira. Ya tofa ɗan ruwa a dutsen, ya wasa, ya goga a fata, ya gwada a gashin hannunsa. Kafin ya gama kai ɗaya sai ya koma kan fatar sau biyu ko uku. Ina yaro na ɗauka al'ada ce kawai ta wanzamai, kamar yadda maɗinki ke lasar zare. Sai da na girma na gane cewa kaifin aska a cikin askin kai ɗaya yake raguwa, shi kuma yana maido shi nan take. Askarsa tana da kaurin baya da yalwar ƙarfe, ana iya cin bakinta shekara da shekaru.

Reza an yi ta ne don a huta da wannan wahala. Wani Ba'amurke ɗan talla, King Camp Gillette, shi ya yi tunanin a ƙera ƙarfe siriri mai arha, a yi aski da shi, in ya dakushe a yar a sayi wani. A 1903 kamfaninsa ya sayar da mariƙi 51 da reza 168 kacal. A 1904 ya samu takardar mallakar fasahar, sannan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin mariƙai da reza, suka dawo gida da sabon hali. Kana gani ke nan tun daga tushe ba a yi ta don ta daɗe ba.

Ɗauki ɗaya ka duba. Kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, wato kusan kaurin silin gashin gemu ɗaya. Bakin da ke yanka kuwa ya fi haka siranta nesa ba kusa ba, domin can ƙarshen tsininsa ya fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, ido ba ya ganinsa. Wannan ɗan layin da ba ka gani shi ne rezar. Sauran ƙarfen duk ɗan rakiya ne.

Kuma bakin hawa-hawa ne. A ciki akwai ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai sinadarin kuromiyam (shi ke hana tsatsar) wajen kashi 13 cikin ɗari da ɗan sinadarin kabon, wanda aka gasa aka sanyaya har ya yi tauri. A kansa ana fesa wani siririn rufi mai ƙarfi, shi ne abin da ake nufi in ka ga an rubuta Platinum ko Chrome a kwali, ba wai rezar gaba ɗayanta da su aka ƙera ta ba. A can sama kuma akwai rufi mai santsi na Teflon, irin wanda ke hana ƙwai kamawa a kaskon suya na zamani. Rezar da kakanninmu suka sani baƙin ƙarfe ce, kwana ɗaya a jiƙe ta yi ja da tsatsa. A 1962 ne kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza marar tsatsa mai rufin santsi, kuma cikin ɗan lokaci sauran kamfanoni suka bi sahu dole, saboda mutane sun ga tana ninka tsohuwar yawan aski.

Daga nan za ka fahimci askinka na farko. Wannan Teflon ɗin a masana'anta feshi ake yi a gasa, kuma sau da yawa yakan ɗan taru a kan tsinin fiye da yadda ake buƙata. Jan farko da na biyu su ke ture rarar baya, su bar ɗan siririn da ya manne da ƙarfen. Masu ƙera rezar da kansu sun san askin farko yakan fi na biyu kaushi saboda wannan. Akwai kuma laifin hannu, wanda ba kowa ke yarda da shi ba. Jiya da dakusasshiyar reza ka yi aski, hannunka ya saba da dannawa. Yau ka sa sabuwa fil, hannun bai samu labari ba, ya danna kamar jiya. Sai fata ta biya. Ranar sabuwar reza ni da gangan nake riƙe mariƙin can ƙarshen ƙotarsa da yatsu uku, don kada in samu ƙarfin dannawa ko da na so.

Aski na biyu da na uku su ne ƙuruciyar reza. Rarar rufin ta tafi, santsin yana nan, bakin bai ji rauni ba tukuna. Babu abin faɗa a nan sai dai ka more.

Inda maganar take da daɗi shi ne na huɗu da na biyar. Kowa ya ɗauka reza lisawa take yi a hankali, kamar yadda bakin fartanya ke cinyewa a gona, tsinin ya zama mulmulalle. Mu ma da haka muke koyarwa. Amma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai: gashi ya fi wannan ƙarfe laushi kusan sau 50. Ta yaya abu mai laushi haka zai kashe ƙarfe cikin 'yan kwanaki? A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Gianluca Roscioli da Cem Tasan da abokiyar aikinsu, suka wallafa amsar a mujallar Science. Roscioli fuskarsa ya riƙa askewa, bayan kowane aski ya kai rezar ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki. Abin da ya gani shi ne tsinin bai wani mulmule ba. Ɓantarewa yake yi nan da can, ƙananan giɓi kamar haƙoran tsoho.

Dalilin shi ne ƙarfen ba bai-ɗaya yake a ciki ba. Ka ɗauke shi kamar dunƙulen tuwon da aka zuba wa tsakuwa: akwai ƙwayoyi masu tsananin tauri a warwatse cikin jiki mai ɗan sauƙi. A bakin da ya sirance haka, wani wurin tsakuwa ce, wani wurin tuwo ne, wani wurin kuma mahaɗarsu. Sai masu binciken suka riƙa yanka silin gashi ɗaya-ɗaya a cikin na'urar suna kallo. In gashin ya tsaya cak reza ta sare shi a miƙe, bakin ba ya ɓantarewa. In kuwa gashin ya lanƙwashe a gaban rezar, ko ta zo masa a karkace, sai ya riƙa tura bakin gefe guda. Idan hakan ya faɗo daidai mahaɗar nan mai rauni, sai tsaga ta buɗe, ɗan guntu ya fita. Da zarar an samu giɓi ɗaya, gefensa ya zama wurin da na gaba zai fara.

Shi ya sa mutuwar reza ba ta zuwa daidai-wa-daida. Jiya lafiya lau, yau ta zama ƙaya. Wurin da ya yi giɓi ba ya yanka gashi, kama shi yake yi ya fizga, gefen giɓin kuma ya karci fata. Ƙwallar da ka yi a aski na biyar daga nan ta fito. A lokaci guda santsin Teflon ɗin ma yana ƙarewa, don haka ko inda bakin yake da sauran kaifi, ƙarfen yana jan gashi maimakon ya zame ta cikinsa.

A nan zan faɗi ra'ayina, ba cewar masu binciken ba ce. Gashinmu mai nannaɗewa ba ya fitowa daga fata a tsaye. A kwance yake fitowa, a wuya ma wani ya kalli gabas wani yamma, wani ya yi gammo. Kusan kowane sili a karkace reza ke samunsa, wato daidai yanayin da ke ɓantare baki. Don haka ban yi mamaki ba da nake jin Turawa masu laushin gashi suna cewa sun yi aski goma da reza ɗaya, mu kuwa a na huɗu mun fara cije baki. Kada ka auna kanka da su.

To me ke hannunka? Na farko ruwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ni kuwa na ce ko gobara babu, in dai reza za ka ɗauka, shafa masa ruwan. Busasshen gashin gemu tauri gare shi kamar siririyar wayar tagulla. In ya sha ruwa na minti biyu zuwa uku, ƙarfin da ake buƙata a yanka shi yakan ragu da fiye da rabi, kuma ruwan ɗumi ya fi saurin yin aikin. Yawancin samarinmu ga yadda suke yi: a tsaya gaban madubi da safe ana sauri, a watsa ruwa sau ɗaya, a goga sabulu, a hau kankara. Gashin ko jiƙa bai yi ba. Wannan askin ɗaya ya ci rezar cin aski uku. Da hunturu abin ya fi muni, don kumfar kafin ka gama kumatu ɗaya ta bushe a ɗayan. Ka yi askin bayan wanka, ko ka wanke fuska da sabulu ka ɗora tawul mai ɗumi, kuma ka riƙa sa kumfa gefe-gefe.

Na biyu yadda kake riƙewa. Ka ɗora kan mariƙin a kumatu ƙotar tana kallon waje, sannan ka sauke ƙotar a hankali har ka ji baki ya fara taɓa gashi. Nan ne wurin, kusan digiri 30. In ka sauke ta da yawa, rezar ta tsaya a kan fata kamar mai kankare ƙanzo, kuma babu abin da ke kashe baki da sauri kamar wannan. Ja gajere-gajere, bi kwanciyar gashi, ja fatar da ɗayan hannun don gashin ya miƙe. Nauyin mariƙin ya isa. Ka kuma tabbata ka ɗaure kan sosai, don reza mai rawa a cikin gidanta ba ta yanka daidai. In ka yi sati biyu ba ka yi aski ba, rage tsawon da kilifa ko almakashi tukuna.

Abu na uku mutane ba sa kawo shi a rai ko kaɗan: reza tana lalacewa ko ba a aski da ita. Ƙarfen da ake ce wa marar tsatsa yana tsatsa, a hankali ne kawai, kuma a tsinin nan mai siranta tsatsar da ido ba ya gani ta isa ta raunana shi. Ga ruwan burtsatse ko na rijiya, wanda a wasu unguwanni za ka ga yana barin farin ɓawo a cikin buta. Wannan ɓawon yana bushewa a bakin reza, ya haɗu da ragowar sabulu da maiƙon fata. Na taɓa sa wa ɗalibai rezar da na yi aski biyu da ita na manta a banɗaki sati guda da damina, muka duba a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Bakin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa, ga ɗigo-ɗigon ja a tsakani. A ido kuwa sai ka rantse sabuwa ce. Saboda haka bayan aski ka ɗan sassauta kan, ka ɗauraye da ruwa mai gudu, ka kakkaɓe, ka ajiye a ɗaki inda iska ke bi. In kana da sifirit, tsoma kan a ciki ka fitar, yana korar ruwan ya bushe nan take. Amma kada ka goge bakin da tawul. Wasu kamfanonin har a takardar suke rubuta wannan gargaɗin, domin zaren tawul yana kwashe rufin santsin, yana kuma iya lanƙwasa tsinin.

Yanzu abokinka. Tambaye shi abu uku. Ina da ina yake askewa? Sau nawa a sati? Sau nawa yake bin wuri ɗaya? Mutumin da ya ajiye gemu da gashin baki, sai ranar Juma'a yake gyara layin saje da wuya, a wata guda aski huɗu ya yi, kowanne kuma bai kai sulusin naka ba. Kai da kake share fuska duka, ka bi sau biyu ko uku a zama ɗaya, a sati guda ka yi abin da zai yi a wata uku. Da yawan gashin da ta yanka ake ƙirga shekarun reza. Akwai kuma masu fatar da ba ta jin komai, su ci gaba da kankara da mushen reza suna cewa tana nan daram. Wannan haƙuri ne, ba ingancin reza ba.

Yadda za ka gane ta ƙare, kunnenka zai riga fuskarka sani. Sabuwar reza a jiƙaƙƙen gashi ƙararta siririya ce, tsaf-tsaf. In ta fara mutuwa sai ƙarar ta yi kauri, kamar ana yage tsumma. Sannan ka lura da haɓa da ƙarƙashin leɓe, inda gashi ya fi kauri: nan take fara ja tun kumatu ba su ji komai ba. In ka ga wurin da da ja ɗaya ke sharewa yanzu sai ka maimaita uku, ko ka kama hannunka yana dannawa, an gama. Masu shafa alif bayan aski, wannan da ake sa wa ruwa ya kwanta, suna da ma'auni mai kyau, don ranar da raɗaɗinsa ya fi na jiya rezar ta fara kartar fata. Ko a tsakiyar aski ne ka ji jan nan, tsaya ka canza. Kada ka ce bari in ƙarasa.

Ina matsa wa a kan wannan ne saboda ƙurajen aski, waɗanda suka fi damun masu nannaɗaɗɗen gashi. Silin da aka yanka yana da tsini, in ya tsiro sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki, jiki kuma ya ɗauke shi baƙo ya kumbura. Dakusasshiyar reza tana jawo gashin waje kafin ta tsinke shi, sai guntun ya koma ƙasa da fata da yagaggen baki, ga kuma maimaita ja da ke ƙara fusata wurin. Shaba mai baki uku ko biyar da gangan take yin wannan jawowar, bakin farko ya ɗago na baya ya yanka, shi ya sa likitocin fata sukan shawarci masu ƙuraje su koma baki ɗaya. Ka riga ka yi wannan dabarar da ka sayi mariƙin nan. Kada ka ɓata ta da tsimin reza. Kuɗin reza ɗaya bai kai kuɗin man shafawa na maganin ƙuraje ba, balle baƙin tabon da ke shekara bai goge ba.

Game da iri, kowace da halinta. Feather ta Japan, wadda ake yi a garin Seki da ya shahara da ƙera takubba tun da can, ita ce aka fi sani da tsananin kaifi, amma mutane da yawa suna ganin tana saurin sauka bayan aski biyu ko uku, kuma ba ta yafe wa sabon hannu. Derby ta Turkiyya ta fi sauƙin kai. Lord da Shark na Masar, Treet ta Pakistan, Dorco ta Koriya, da su Nacet da Tiger da muka tashi muna gani a teburin mai shago, duk suna aski. Wadda ta dace da kai sai ka gwada. Sayi iri biyu ko uku, ka ba kowace ƙaramin kwali guda, kada ka canza sabulu ko mariƙi a tsakani, ka rubuta a bayan kwalin askin da ta fara ja. Jabu akwai su a kasuwa, ba na musu. Alamarsu ita ce tun jan farko suke fizga kuma ba sa gyaruwa a na biyu, wani lokacin ma ka tarar da ɗigon tsatsa a cikin takarda. Taka da ta yi daɗi a na biyu da na uku ba ta cikinsu.

Za ka ji dabaru iri-iri na tsawaita ranta. Goga ta a tafin hannu ko a wandon jins yana share dattin baki, yana iya miƙar da ɗan lanƙwasa, amma ba ya maido guntun da ya ɓantare, kuma na ga wanda ya tsaga tafinsa a garin haka. Murza ta a cikin kofin gilashi dabara ce ta zamanin baƙar reza, lokacin yaƙi da ta yi wuya. A ta yanzu rufin kawai za ka kankare. Lambobin 1, 2, 3, 4 da ke kusurwoyin wasu kuwa na masana'anta ne, ba jerin kwanakin aski ba ne, kuma kifa ta ba ya ba ka sabon baki, tunda tsinin ɗaya ne ko ta wane gefe ka zo masa. Abin da ke da amfani shi ne ka riƙa juya mariƙin a hannu yayin aski don bakunan biyu su raba aikin.

Reza ta mutum ɗaya ce. Ko ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya kada ka ara masa, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jinin da ido ba ya gani. Wadda kake aske hammata da mara da ita ma ka ware ta daban da ta fuska. In ta ƙare, kada ka jefa ta tsirara a kwandon shara, akwai yaran gida, akwai 'yan jari-bola da ke tona juji da hannu. Ni gwangwanin madara na samu, na tsiyaye shi ta ƙananan huji, na wanke, na tsaga masa siririn baki a sama daidai faɗin reza. Shekara biyu ke nan yana kan taga, ko rabi bai kai ba.